Fuskar Iya a Kyamarar Kawu Sale

Idan ruwa ya fara janyewa daga fadama, gidanmu na Haɗejiya sai ya koma gidan hayaƙi. Kakata ta wajen uwa, Yagana, wadda muke kira Iya, bandar kifi ce sana'arta. Masunta daga Auyo da Kirikasamma su kawo mata tarwaɗa da karfasa, ta jera a kan raga, ta hura wuta da ƙaiƙayin shinkafa. Da an idar da magariba, mu jikoki mu kewaye murhu, tana juya kifi tana yi mana tatsuniya, mu kuma idonmu na kan wanda zai fashe ya zama rabonmu. Ni take kira angonta, wai mijin da bai iya komai ba sai ci.

Iya tana da ƙanwa, Fanna, wadda ta bi mijinta zuwa Makka a ƙasa tun kafin a haifi mahaifiyata, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. 'Yan shekaru bayan samun 'yancin kai, wani falke mai suna Malam Bukar ya zo da saƙonta: ido ya fara rauni, tana so ta ga fuskar yayarta kafin ya rufe. Ya ce idan an sami hoto, zai kai.

Iya ta ƙi zuwa wajen mai hoton kasuwa, ta ce ba za ta zauna gaban ƙaton da ke ɓoye kansa cikin baƙin ƙyalle ba. Sai ga Kawu Sale, ɗanta da ke aikin akawu a Kano, ya zo hutu da wata ƙaramar kyamara mai shiga aljihun riga. A goshinta akwai gilashi kamar saƙar zuma. Ya ce wannan shi ne idonta, da kanta take auna haske, naka kawai ka danna. Da hantsi aka tafi bakin kogi, don Iya na so Fanna ta ga ruwan gida. Iya ta yafa farin mayafi, ta tsaya ruwa na ƙyalli a bayanta.

Fim sai an kai Kano ta jirgin ƙasa daga tashar garin Malam Madori, mako guda zuwa da dawowa. Da hotunan suka iso, ga kogi, ga kwalekwale, har ciyawar gaɓa ana iya ƙirgawa. Iya kuwa kamar turmi aka lulluɓe da farin zane. Ba ido, ba hanci. Kawu ya duba 'yar takardar Turanci da ta zo da kyamarar, ya ce na'ura ba ta kuskure, duhun fatar Iya ne ya yi yawa, gobe ta shafa hoda sosai a sake. Kwana tara suka rage Malam Bukar ya tashi.

Iya ta ajiye hotunan, ta koma kan kifinta. Da yamma, a bakin murhu, ta ce ga ta nan tafe a kwalekwale, muka ce ta sauka mu ji ta. Kawu na gefe yana shan fura.

Wai Sarkin Ruwa ne ya aiki ɗan saƙo ya dubo masu zama a fadama, don a bar musu ruwa da rani. Ɗan saƙon ya zo da tsakar rana, ya tsaya a tudu. Abin da ya fara gani balbela ce, fara fat, tana sheƙi. Ya ƙura mata ido har idon ya ɗauke, ya koma ya ce fadama ba kowa sai balbela. Sarki ya ce mai fiffike ba ta buƙatar tafki, a janye ruwan. Kwaɗo ya ruɗe, ya yi birgima cikin toka don a gan shi. Aka gan shi, aka rubuta shi cikin 'ya'yan balbela, ruwan dai bai samu ba. Aka ce wa tarwaɗa ita ma ta yi. Nan Iya ta sauya murya, ta kumbura kumatu.

"Ni tarwaɗa ce, uwata tarwaɗa. Mai son ganina ya sauko daga tudu, ya juya wa balbela ƙeya, ya tsuguna."

Ɗan saƙon ya sauko dole, ya ga taɓo cike da rayuka, aka bar musu ruwa. Ƙurunƙus kan karfasa. Kawu ya ajiye ludayi, ya ce wannan ba da yara ake ba.

Washegari Iya ce ta tsara komai. Ta ce idan ta dawo daga bakin ruwa da rana ta shiga ɗaki, ba ta ganin ko randa sai idonta ya huce. Akwatin Sale ma ruwa ya kalla, ya runtse. Ta sa aka rataya tsohon zanenta na shuni a inuwar rumfa, ta cire farin mayafi, ta zauna. Kawu ya ce wurin ya yi duhu, za a yi asarar fim, kuma ba sauran lokacin gyara.

"Matso, Sale. Ƙara matsowa. Kada ka bar masa abin kallo sai ni, mu gani ko zai ƙi buɗe ido."

Ya matso har saura taku biyu, ya danna yana gunaguni. Ana gobe Malam Bukar zai tashi hoton ya iso. Ga Iya sak: tsagar kumatunta, wushiryarta, har ƙanƙancewar idon da hayaƙi ya jawo mata. Bayan shekara takardar ajami ta zo daga Sudan. Fanna ta ce ta gani da sauran idonta, kuma wa ya ba Yagana izinin ɗauke fuskar mahaifiyarsu?

Na girma na yi yawo, Khartum, Jidda, har ƙasashen Turai. Wani mai hoto a can ya yi mini bayanin abin da harshensu: na'urar tana tattara hasken da ke gabanta ne ta ɗauki tsakatsaki, shi ya sa fari mai yawa ke danne baƙi. Ban ji wani abu da Iya ba ta riga ta faɗa da Hausa ba. Abin da ya ɗauke ni shekaru kafin in gane shi ne saurin da Kawu ya yi. Mutum mai ilimi, mai son uwarsa, amma tsakanin takardar baƙi da fuskar da ta haife shi, fuskar ya ga wa laifi. Ni ma na yi irinsa a ofisoshi da yawa, na gyara lafazi, na gajarta suna, kafin in koyi cewa ma'auni ma ana tuhumarsa.

Kwanan baya jikata ta ɗauke ni hoto da wayarta, sai na ga wani dattijo mai haske, ba tamoji ko ɗaya. Ta ce wayar ce ke gyarawa da kanta. Na ce ta nemo inda ake kashe gyaran, ina zaune ina jira. Shekara saba'in da wani abu na yi ina tara fuskar nan, ba wanda zai wanke mini ita ban roƙa ba.