Lakar da Hambali ya shafa wa idon mota

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Cadawa ranar kasuwa ya san Hambali. Shi ne dattijon nan mai furfura a gemu, wanda ke tsaye bakin ƙofar motar wani yana kiran Gazawa da Gangara, yana rantsuwa saura mutum ɗaya. Ɗan kamasho ne yanzu, yana tara wa yaran da aka haifa a gabansa fasinja. Amma da can direba ne, kuma abin da ya raba shi da sitiyari ba haɗari ba ne, ba sata ba, ba shaye-shaye ba.

A Gangara aka haife shi, gidan manoma. An sa shi lakol, wato makarantar boko, bai jima ba ya gudu ya bi motar da ke kwasar aya da wake daga ƙauyuka zuwa Maraɗi. A nan ya koyi tuƙi, kuma ba a kan kwalta ya koya ba, cikin yashi ne. Abu na farko da maigidansa ya cusa masa shi ne ba a taka birki cikin yashi. Tun daga nesa ake rage iskar taya, a zaɓi giya, a shiga da ƙarfi, kada a tsaya sai an fita. Wanda ya tsaya ya nutse. Da wannan karatun Hambali ya yi aure, ya gina ɗaki, ya aurar da ƴaƴa, bai taɓa take ko akuya ba. Matarsa Sakina takan ce ya fi jin tarin mota da nata.

Yana manyanta sai wata ƙungiya mai kai allurar rigakafi ƙauyuka da rugage ta ɗauke shi aiki. Shi ne ke tuƙa Maijidda, malamar asibiti, da akwatin sanyinta mai ƙanƙara a ciki. Aiki ne na gaggawa, don in ƙanƙarar ta narke maganin ya lalace. Tsohuwar motar da suke da ita ta sha wuya, ƙofa ɗaya ma da igiya ake ɗaure ta, amma ba ta taɓa hana su isa ba.

Sai aka kawo sabuwa. Aka tara direbobi a Maraɗi, wani mutum daga kamfanin da ya ƙera ta ya yi musu jawabi da Faransanci, ana fassara musu gutsi-gutsi. Ya ce hayaƙinta ba ya ɓata iska. Ya ce tana da ido a gaba, in ta hango abu ita da kanta za ta taka birki. Ya ce tana magana da buro, wato ofishin ƙungiyar, duk inda take an sani. Ya ce ma nan gaba kaɗan irinta za su riƙa tuƙa kansu. Aka tafa. Hambali ya so ya tambaya ko ta san yashi, amma kafin ya haɗa maganar an riga an tashi cin abinci.

Gaskiya dai a kan kwalta motar ba ta da laifi. Wata rana a Agiye jaki ya faɗo hanya, ta tsaya tun kafin ƙafarsa ta kai birki. Ya dawo gida yana yabonta har Sakina ta ce ya je ya kwana cikinta.

Matsalar ta zo da damina. Wanda ya zauna ya ƙera wa mota ido bai taɓa ganin hanyar Gangara a watan da gero ya fi mutum tsawo ba. Manoma na shuka har bakin sawun taya, kara ya sunkuyo ta dama da hagu ya rufe hanya. Kowane direba ya san haka ake kutsawa, karan na dukan gilashi, ana wucewa.

A lokacin ne ƙyanda ta ɓulla kusa da rugar Bappa, wani dattijon makiyayi da ya sauka da iyalansa bayan gonaki. Aka aika masa ya tara yara. Hambali ya ɗauki Maijidda, suka bar kwalta, ya rage iska, ya shiga yashin da ƙarfi kamar yadda ya saba. Suna tsakiyar wuri mafi laushi motar ta hango karan gero, ta ɗauka mutum ne, ta yi kuka, ta kafe. Tayoyi suka nutse har ciki.

Ya yi haƙa da hannu, ya shimfiɗa kirare, manoma suka bar noma suka zo turi. Ta fita, ta ɗan yi gaba, ta sake ganin kara, ta sake kafewa. Rana ta take, ƙanƙara ta zama ruwa. Maijidda ta buɗe akwatin ta duba, ta rufe.

"Baba Hambali, mu juya. Wannan ko na kai ba zan yi wa ɗan kowa ba."

Matan ruga sun wuni ƙarƙashin bishiya da yara a baya, ba wanda ya zo.

Hambali ya kai kuka wurin Musbahu, matashin da ke kula da motoci a buro. Musbahu ya ce akwai yadda ake kashe idon, amma an kulle, dokar ƙungiya ta hana direba taɓawa. Ya ce zai sanar da na sama. Na sama ba su ce komai ba, ƙyanda kuma ba ta jira su ba.

Da aka sake ba su magani, suka kama hanya. Daf da wurin da suka nutse akwai wani ɗan tafki. Hambali ya tsaya, ya sauka, ya cika hannu da laka. Ya sha loda bijimai a mota, ya san in sa ya ƙi hawa, buhu ake rufa masa a fuska, sai ya bi. Ya shafe idon da ke hancin motar, ya miƙa hannu ya shafe na saman gilashi.

"Mi kake yi haka, Baba?"

"Malama, tsoro gare ta. In ba ta gani ba sai ta tafi."

"In suka sani fa?"

"Wa zai gaya musu? Gero?"

Motar ta yi ta kuka, fitilu na ƙyaftawa a gabansa, amma ba ta taɓa birki ba. Suka ratsa yashin, suka isa ruga da ƙanƙara da sauran ƙarfinta. Bappa ya fito da sandarsa a kafaɗa, ya zagaya motar yana kallo.

"Direba, nagge taka ciwon ido take yi?"

"Kwalli na sa mata, Bappa. Ku Fulani ba ku san kwalliyar mota ba."

"To a sa mata kullum, tunda shi ke kawo ku."

Maijidda ta yi wa yara allura har hannunta ya gaji. Aka ba su nono a ƙwarya. A hanyar dawowa Hambali ya wanke lakar tas a tafkin nan, ya goge da hularsa. A zatonsa magana ta ƙare.

Bai san tun yana shafa lakar, motar ta riga ta kai ƙararsa ba.

Da aka kira shi buro, Musbahu ya juyo masa da na'urar da ke kan tebur. Ga hanyar an zana, ga ɗigo ja daidai tafkin. Ga inda aka rufe ido, ga inda gudu ya wuce ƙa'idar hanyar daji. Ba a zana geron ba, ba a zana yashin ba, ba a zana yaran ba.

"Baba, ni ban kai ka ba. Saƙon can ya fara zuwa, kafin ma ni in gani."

"Can ina?"

"Yamai, babban buro. Daga nan kuma har wajen masu ba da kuɗin motar."

"To kira min su in yi musu bayani."

Musbahu ya sunkuyar da kai. Ya ce babu wani mutum ɗaya da za a kira. Doka ce, duk direban da ya taɓa kayan kariya an sallame shi, kuma ba a yi ta don a zalunci kowa ba, don a tsare rayuka aka yi ta. Maijidda ta shigo ba sallama, ta ce ita ce shaida, ita ta ga abin da ya faru, a rubuta da sunanta. Musbahu ya ce zai aika. Ya aika kuwa. Amsar da ta dawo godiya ce ga Malama bisa ƙwazonta.

Abin takaici, duk wanda Hambali ya tunkara sai ya ba shi gaskiya, sannan ya ce ba shi da iko. Mutum ya tsufa yana tuƙi ba tare da ya zubar da jinin kaza ba, a kore shi da sunan kiyaye haɗari, kuma a rasa fuskar da zai kalla ya ce an cuce shi. Ya ajiye makullin a tebur. Ba ma makulli ba ne na kirki, wani ɗan baƙin abu ne mai maɓalli.

Ƙungiyar ta duba zanen, ta ga motar ta sha wahala a wannan hanya, sai ta yanke cewa ba za a ƙara bin ta da damina ba. Masu son allura su fito bakin kwalta.

Sauran masu motoci sun ji an kore shi saboda ya lalata kayan mota, ba wanda ya tsaya jin wace irin lalatawa. Ga shekaru kuma. Haka ya koma tasha.

Wata ranar kasuwa Bappa ya kawo tumaki Cadawa, ya hango shi yana kiran fasinja. Suka gaisa, suka tambayi iyali da dabbobi.

"Direba, an yi mana haihuwa da yawa bana. Yaushe za ku kawo Malama?"

Hambali na riƙe da hannun Bappa. Yaron da ke kan sitiyarin motar da yake wa lodi ya danna oda, ya leƙo ta taga.

"Tsoho, surutu za ka yi ko lodi?"

Hambali ya saki hannun Bappa, ya juya wajen masu shigowa tasha.

"Gazawa, Gangara. Saura mutum ɗaya."