Dabora Tanko da Neman Mai Waƙar Rijiya

Haihuwa da karatu

An haifi Dabora a shekarar 1946 a garin Dogondutsi. Mahaifinta Tanko ma'aikacin majami'a ne, mahaifiyarta Na'omi kuwa ungozoma ce. Ta shiga lakwal, wato makarantar boko, a 1953, inda ta shahara da ƙarfin hadda da kuma yawan tambaya, har malamai suka riƙa zaunar da ita a bencin baya domin su samu su ƙare darasi. Ta kammala karatun jinya a Yamai a 1966.

Aure da aiki

A 1968 ta auri Iliya, malamin lakwal ɗan Maradi, suka zauna a unguwar Lazaret a Yamai. Da fari ya tsananta a 1973, aka tura ta sansanin waɗanda yunwa ta koro daga arewa. A nan ta yi jinyar wani dattijo da ya iso shi kaɗai, ba takarda, wanda duk lokacin da aka tambayi sunansa sai ya ce a ba yara kunu tukuna. Kwana tara yana rera mata wata waƙa mai baiti sittin a kan rijiyar garinsu da ta ƙafe, har ta haddace ta. Ya rasu, aka binne shi da lamba a maimakon suna.

Zauren marubuta

Bayan soja sun karɓi mulki a 1974, wasu marubuta, galibinsu malamai da ma'aikata daga Damagaram da Tawa, suka kafa taron shekara-shekara a gidan Malam Isaka a unguwar Wadata, inda suke karanta waƙoƙin magabata da suke girmamawa. Da gangan suka zaɓi matattu, tunda ba a kiran mamaci kwamisariya, wato ofishin ’yan sanda. Sai dai ba a ba da izinin taron sai an rubuta sunan kowane mawaƙi da garinsa da shekarar rasuwarsa.

A 1976 Dabora ta rera wa shugabannin zauren waƙar. Ta ratsa su ƙwarai, amma ba halin karanta ta a taro, tunda ba a san sunan mai ita ba. Malam Isaka ya zaci ita ta tsara abinta take fakewa da mamaci, ya ba da shawarar a ƙago wa dattijon suna a huta. Amsarta tana nan a rubuce: “An binne shi ba suna sau ɗaya. Ba zan sake binne shi da sunan wani ba.”

Shekarun bincike

Daga nan ta mayar da kowane hutunta na tafiya. Waƙar ta ambaci rijiya mai gawo uku a bakinta, ita kuwa ta gano irinta goma sha huɗu a arewacin Tawa, tana rera wa tsofaffi a kowace. A 1981 wata tsohuwa, Hadizatu, ta kama amshin tun kafin Dabora ta kai ƙarshensa, ta ce ta taɓa ji a bakin wani mai shanu, amma mutanensa sun watse, sunan kuma ya ɓace mata. Da fari ya dawo a 1984, Dabora ta koma aikin sansani, tana auna yara tana tambayar iyayensu labarin mai waƙar.

Rasuwa

Ta rasu ranar 12 ga Satumba 1986 bayan jinyar ciwon hanta, ba tare da ta samu sunan ba, aka binne ta a maƙabartar Kirista ta Yamai. A watan Disamba marubutan suka karanta waƙar a karon farko, a wani zaure a unguwar Gaweye, mutane suka yi ta hawaye. Izini bai yi wuya ba, domin yanzu akwai suna da gari da shekarar rasuwa: nata suka rubuta. Da niyyar girmamawa suka yi, amma abin takaici ne.

Ta bar mijinta da ’ya’ya uku, Rut da Ladi da Dauda, kuma babu ko ɗayansu da ya halarci taron.