Ranar da Injin Malam Uzairu Ya Ƙi Juyawa

Duk wanda fankarsa ta taɓa ƙonewa a unguwar Dilimi ya san shagon Malam Uzairu. Ba wani shago ba ne na a zo a gani: ɗaki ɗaya, benci ɗaya, sai tarin fankoki da injinan jan ruwa da masu su suka manta da su. Shekara arba'in da 'yan kai yana naɗin koyil, wato ya warware ƙonanniyar wayar cikin inji ya naɗa sabuwa ta tagulla. Abin da yake tinƙaho da shi kuwa shi ne kankare bakin waya. Wayar naɗi da fenti take zuwa a jikinta, wuta ba ta wucewa sai an kankare, shi kuma in ya sa reza sai bakin ya yi ƙal ta kowane gefe. Ya kori masu koyon aiki da dama a kan wannan, kuma in ka tambaye ni, har da waɗanda bai kamata ya kora ba.

Tun rasuwar matarsa Mariya, ya fi daɗewa a shago, don gidan ya yi masa faɗi. Ɗansa guda, Abdulfatah, ma'aikacin gwamnati ne, yana zaune a unguwar Rayfield da iyalinsa. Ba faɗa suka yi ba. Yana aiko da shinkafa da mai ta hannun direba, yana bugo waya ranar Juma'a, minti biyu ya ajiye. Jikarsa Hussaina, 'yar shekara goma sha ɗaya, sai da salla ake kawo ta. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya tsokane ta da "amaryata" irin na kakanni, ta yi murmushin kunya ta koma mota. Wannan ya fi komai ci masa rai: ga jika a gari ɗaya, amma ba su da abin da za su ce wa juna.

Wata Alhamis sai ga waya, ya ɗauka ya ji muryar Hussaina da kanta. Akwai ƙungiyar kimiyya ta yara da take zuwa duk Asabar a makarantarsu, kuma wannan makon an ce kowa ya zo da babba daga gida. Babanta ya tafi Abuja, mamanta tana wurin aiki.

"Baba Tsoho, motor za mu haɗa, ƙaramin inji mai juyawa," in ji ta. "Daddy ya ce babu wanda ya kai ka."

Ranar Asabar ya sa farar shaddarsa ta Juma'a, ya zura rezarsa a aljihu, ya hau keke-napep biyu kafin ya isa. Ya tarar da zaure cike da tebura, iyaye sun ajiye makullan mota a gabansu. Malamar, wata Bayarabiya mai suna Madam Modupe, ta raba wa kowane tebur batir ɗaya, fil biyu, ɗan maganaɗisu, guntuwar waya da takardar bayani da Turanci. Malam Uzairu ya dubi kayan, dariya ta kusa kama shi. Mutumin da ya naɗa injin niƙa, yau wannan ne aikinsa.

Hussaina ta buɗe takardar. "Baba Tsoho, sun ce a nan..."

"Ajiye takardar nan, amarya. Tun ba a haifi mai rubuta ta ba nake wannan aiki."

Ta ajiye. Ya naɗa wayar zobe-zobe, tsaf, babu wanda ya hau kan wani. Ya zaro reza ya kankare bakuna biyun suka yi ƙal. Ya haɗa fil ɗin da batir, ya ɗora zoben a kansu, ya matso da maganaɗisu, ya ɗan tura shi da yatsa.

Zoben ya yi rawa kaɗan ya tsaya. Ya sake turawa, ya sake tsayawa. Ya ɗana batirin a harshe, lafiyarsa ƙalau. A teburin kusa, wani zobe karkatacce da yarinya ta naɗa kamar an taune shi ya kama juyawa, uwarta tana ɗaukar bidiyo a waya. Nan da nan zauren ya cika da tafi, tebur bayan tebur, ban da nasu.

Madam Modupe ta zo ta sunkuya, ta ɗaga zoben da ladabi. "Baba, wannan koyil ya fi na kowa kyau. Amma kun kankare duka. Baki ɗaya ɗin, rabi kawai ake kankarewa, don wuta ya riƙa yankewa yana dawowa. In bai yanke ba, maganaɗisun zai riƙe shi wuri ɗaya."

Kafin ta rufe baki ya gane. Gaskiyarta ce, kuma abu ne da ya sani, hannunsa ne ya riga kansa. Kunya ta rufe shi har wuya.

"Shi ne nake so in karanta maka," in ji Hussaina a hankali.

Sai a lokacin ya dube ta da kyau. Hannuwanta na kan cinya, yadda suke tun farko. Kowane yaro a zauren nan ya taɓa waya, ya soke yatsa da fil, ya ɓata ya gyara. Ita ko batirin bai bari ta riƙe ba. Malamar ta kawo sabuwar waya, amma lokaci ya ƙure, direba yana ƙofa. Hussaina ta yi masa sallama yadda take yi da salla, ta shiga mota. Shi kuma ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Da ya koma shago bayan azahar, minti biyar bai yi ba ya haɗa wani, rabin baki a kankare. Zoben ya ɗauki gudu har ba a ganin wayar. Ya waiga don ya nuna wa wani, babu kowa sai matattun fankoki. Ya cire batirin ya zauna, kewa ta danne shi.

Can ya tashi ya yanko sabuwar waya. Bai naɗa ba, bai kankare ba. Ya sa ta a faranti tare da fil, maganaɗisu, reza da takardar, sannan ya kira ɗansa.

"Ka kawo mini Hussaina ranar Asabar. Akwai takardar da za ta karanta mini."

"To Baba, za mu duba. Tana da lesin, amma za mu duba."

Asabar biyar ke nan, ba a kawo ta ba. Kowace safiyarta yakan goge bencin, ya fito da farantin, ya ɗana batirin ko ya yi sanyi. Makon jiya wani mai gyaran rediyo ya leƙo neman guntuwar waya, ya miƙa hannu zai ɗauki ta cikin farantin. Malam Uzairu ya riƙe masa hannu.

"Bar wannan," ya ce. "Tana da mai ita."