Lyall da Akun Dutse

A saman mashigin dutse, wani dattijo mai gajeren wando yana zagaya motarsa mai gado da kicin, yana huci. Ya dawo daga tattaki cikin kwari, ya tarar kea, wani akun dutse da doka ta hana taɓawa, ya yagalgala robar waifa mai share gilashin mota. Ga hadari ya haɗo, ga gangara mai kwane-kwane a gaba. Da gani bai saba a raina shi ba. Ya ɗaga takalmi zai jefi tsuntsun, ya sauke.

Matarsa ta leƙo ta taga. "Haba Lyall, ba kai ka ba shi biskit ɗazu kana cewa abokina ba?"

"Biskit na ba shi, Raewyn! Ban ce ya ci mota ba!"