Gurbin Tsakiya

Kowa a danginmu ya san labarin, kuma kowa a karkace ya san shi. Cewa suke bindiga ce ta fasa mini gira ina 'yar shekara sha bakwai, na tsorata, na bar farauta. Har a gidan suna sai wata gwaggo ta kama haɓata ta juya fuskata wajen haske, ta nuna wa mata tabon, ta ce, "Kun ga abin da rawar kai ke jawowa." Ni kuwa sai in yi murmushi don kada a ce ba ni da tarbiyya. To yau dai bari in faɗa muku: ban taɓa jin tsoron bindiga ba. Tabon ne kaɗai gaskiya a labarin nan.

Shekaranjiya na buɗe wani ɗan gwangwanin man goge bindiga a flat ɗina na Fallowfield, nan Manchester, ƙamshin ya doki hancina, sai ga ni a kicin ɗinmu na Old Trafford ranar Lahadi da hantsi. Baba ya shimfiɗa tsofaffin jaridu a kan tebur, yana tura ƙyalle cikin bakin bindiga da doguwar sanda. Ruwa na bugun taga. Kaka, mahaifiyarsa, tana gefe tana yanka naman barewa falle-falle don kilishi, tana mitar cewa ƙasar da babu rana ba ta cancanci nama mai kyau ba. A oven take busar da shi, ta bar ƙofar a ɗan buɗe da cokalin katako, gidan duk ya ɗauki ƙamshin ƙuli-ƙuli da citta.

Baba likita ne, amma ɗan mafarauci ne, kuma abin bai bar jininsa ba. Wani manomi da ke can cikin tuddai, arewa da gari, barewa ta dame shi da cinye masa ƙananan itatuwa, shi ya ba Baba izinin shiga gonarsa. Tun ina 'yar shekara tara nake binsa. Mu yi asuba mu fita, motar da sanyi kamar firji. Ni ke riƙe madubin hange, ni ke lura da inda iska ta nufa. Idan ya saita, sai in ji ya yi bismillah can ƙasan maƙoshi, sannan ƙara. Da dabbar ta faɗi sai mu ruga, wuƙa a hannunsa, ko da sauran rai a yanka. Nan na koyi cewa harbi mai kyau shi ne wanda dabba ba ta san an yi ba.

Ni ce 'yar fari, kuma Baba mutumin da ne. Bai taɓa kiran sunana ba. "Ke" ce ni, ko "yarinyar nan". Ƙannena yana kiransu da sunansu, ya ɗora su a wuya, ya saya musu alewa a gaban kowa. Ni kuwa in na ci jarrabawa sai ya dubi takardar ya ce, "To." Wannan ita ce kunyar ɗan fari, kuma ban damu ba, wallahi. Ina da abin da ƙannena ba su da shi. Ina da motar asuba.

A ƙarƙashin bene akwai kabad na ƙarfe na ajiye bindigogi da aka ɗaure a bango, mai gurbi uku. A hagu .22, ta zomaye, ƙararta kamar an karya kara. Doka ba ta yarda a harbi barewa da ita ba. A dama .308, ta manyan barewar nan masu ƙaho kamar reshen itace. Tana da nauyi, kuma in ka harbi ƙaramar barewa da ita daga kusa sai ta ɓata maka rabin kafaɗa, Kaka ta yi kwana biyu tana faɗa. Tsakiya babu komai. Shekara da shekaru gurbin nan yana nan wayam.

Ina 'yar sha shida, wata safiya muna dawowa, gaba da mu tumaki sun tare hanya, Baba ya tsaya yana jiransu. Bai dube ni ba. Ya ce, "Ke, baɗi doka za ta yarda in ara miki bindiga a gona. Ƙaramar ba ta isa ba, babbar ta fi ƙarfin kafaɗarki. Ki nemo mana wadda za ta zauna a tsakiya."

Kun san me wannan maganar take nufi daga bakin mutumin da bai taɓa ce mini sannu da ƙoƙari ba?

Na ɗauki abin kamar aikin hajji. A shekarun nan ne gwamnati ta tsuke bakin aljihu, hukumar gari ta rufe inda matasa ke taruwa a unguwarmu, laburare ma ya koma buɗewa rabin mako. Ranakun da yake buɗe, ina can. 'Yan ajinmu suna karatun shiga jami'a, ni ina cika littafi da lambobi. Na fara da .223, na ga a nan Ingila doka ba ta yarda da ita ga irin barewar gonarmu ba, na soke. Na so .270, na ji ta a kulob ɗin da muke zuwa koyon harbi, ƙararta ta isa ta ta da matattu, kuma aikinta kusan ɗaya da babbar da muke da ita. Me za a yi da bindiga biyu masu aiki ɗaya? Sai .243. Harsashinta siriri, yana tafiya sak, doka ta yarda da shi ga kowace barewa, ba ya ɓata nama, kuma shurinta a kafaɗa bai wuce a dafa ka da ɗan ƙarfi ba. Na gwada ta wani dattijo a kulob, harsashi biyar, duka suka huda takardar saiti a wurin da bai fi tafin hannuna ba. Baba ya dubi takardar ya ce, "To." Amma ya ninke ta ya sa a aljihun gaba.

A ƙasar nan ba ka shiga shago ka nuna bindiga ka ce a ba ka. Sai ka cika fom ka rubuta ainihin lambar da kake so da dalilinka, 'yan sanda su duba, su rubuta ta a lasisinka. Abin da aka rubuta, shi kaɗai za a sayar maka. Rubutun Baba irin na likitoci ne, ba mai iya karantawa, don haka ni na cika fom ɗin da hannuna a kwanakin ƙarshe na azumi, lokacin da rana ke ƙin faɗuwa. Na rubuta .243 a hankali, kamar mai zanen lalle. Ya sa hannu. Muka ɗora a kan firji, sai bayan salla a aika.

An rage ma'aikata a ofishin lasisi, takarda ba ta dawo ba sai bayan wata takwas. Ganye ya zuba, sanyi ya shigo, na cika sha bakwai. Kullum na dawo daga makaranta sai in duba bayan ƙofa. In ce, "Baba, shiru?" Ya ce, "Shiru." Da ta zo, bai nuna mini ba, ya ce ranar Asabar za mu Birmingham, a can akwai tsofaffin maƙeran bindiga.

Muka biya unguwar Balsall Heath a can Birmingham muka ɗauki Baffa, yayan Baba, akanta ne, mutum mai dariya da ƙarfi wanda bai taɓa harbin ko tantabara ba. Duk hanya yana ba da labarin yadda mahaifinsu ya ka da ɓauna. Shagon yana wani lungu mai jan bulo, ciki ƙamshin mai da katako. Mai shagon tsoho ne, tabarau a ƙarshen hanci. Ban jira kowa ba, na ce .243 muke so, mai gajeren gindi. Ya dube ni sama da ƙasa, ya yi murmushi, ya ɗauko wata ya sa mini a kafaɗa, ya gyara mini gwiwar hannu. Ta zauna daram. Ban san abu zai iya dacewa da jikin mutum haka ba.

Sai ya karɓi lasisin Baba ya buɗe. Ya karanta, ya sake karantawa. Ya ce, "Yallaɓai, ai .300 aka rubuta a nan. Wannan ta manyan namun daji ce." Ya dubi bindigar da ke kafaɗata. "Wa za a saya wa?"

Baba ya dubi Baffa, ya dubi ƙasa. Ya ce, "Ta gida ce."

Baffa ya buga kanta yana dariya. "Yauwa! Ni na ce masa, in za ka ƙara, ƙara ta maza. Wata rana mu kai ta gida mu nemi ɓauna."

Tsohon ya zare bindigar daga hannuna a hankali, kamar mai karɓar jariri. Shi kaɗai a ɗakin ya kalli fuskata.

Daga baya na haɗa labarin. Ranar salla Baffa ya ga fom ɗin a kan firji, ya ce me za ka yi da wannan 'yar tsito. Abin da kawai Baba zai ce shi ne, "Ta 'yarka ce, Yaya." Kalma huɗu. Amma a gaban yayansa, ya furta cewa yana yi wa 'yar farinsa tanadi? Bakin ya ƙi buɗuwa. Sai ya ɗauki biro ya soke rubutuna, ya rubuta .300. Wannan na iya gane shi, ko da ban yafe ba. Abin da ban gane ba har gobe shi ne wata takwas. Wata takwas yana kallona ina duba bayan ƙofa.

Mako biyu bayan haka muka kai sabuwar bindigar, .300 ɗin da Baba ya saya, gona don a saita ta. Na ce sai na harba. Ya ce, "Ke, a'a." Na ce, "Ai ta gida ce. Ni ba 'yar gida ba ce?" Bai taɓa jin na mayar masa da magana ba, sai ya miƙo. Gindin ya yi mini tsawo, dole na miƙa wuya har idona ya matsi madubin saitin da ke kan bindigar. Na san kuskure ne. Na yi bismillah na ja kunama. Madubin ya dawo ya sare ni a gira, jini ya rufe mini ido, yana ɗiga a kan ciyawa mai raɓa. Baba ya durƙusa ya danne wurin da hularsa. Ina jira. Na ce ko yanzu zai kira sunan. Ya ce, "Ke, ɗaga kanki sama."

Ban sake shiga motar asuba ba.

Kaka ce ta wanke mini ɗinkin da ruwan ɗumi. Ta ce, "Ƙawata, ki bar fushin nan. Ni da na haifi Baffanki, yau shekara nawa, ban taɓa kiran sunansa ba. Kina tsammanin ba na sonsa?"

Na ce, "Kin taɓa yi masa alkawari kika soke a ɓoye?"

Ta matse ƙyallen. Ta ce, "Bakinki ya fi bindigar shuri." Ba ta ƙara ba, amma daga ranar ta daina yi wa Baba kilishi, in ya kawo nama sai ta ce haƙoranta sun gaji.

Kaka ta rasu shekara uku da suka wuce. A zaman makokinta na sami Baffa shi kaɗai a mota, na tambaye shi kai tsaye, don ni ba na iya kewaye-kewaye. Ya buɗe baki ya kasa rufewa. Ya ce, "Taki ce? Wallahi 'yata bai gaya mini ba. Da ya faɗa, da ni zan saya miki." Na yarda da shi, kuma wannan ya fi komai ciwo. Ashe babu ma wanda zai hana. Ba a kan komai aka soke ni ba.

Yanzu manomin ya sayar da gonar, Baba kafaɗa ta fara ciwo, .300 tana nan a gurbin tsakiya, ba ta taɓa ganin ɓauna ba, kuma ba na jin an harba ta ko sau goma. Ƙannena suna kiran Baba da Turancin Manchester suna tsokanarsa, yana dariya. Ni ban je jami'a ba, ina aiki a kantin magani, na koma kulob da kaina, na sami wata gona da kaina, na cika fom da sunana. Wannan karon ban ɗora shi a kan firjin kowa ba. Lasisin ya zo makon jiya. An ɗaura mini kabad a bango, mai gurbi ɗaya.

Na kira Baba na ce ranar Asabar ya kai ni Birmingham, kuma mu biya Balsall Heath mu ɗauki Baffa. Ya ce, "To." Na bincika, tsohon yana nan, tabarau dai ya ƙara kauri. Zan ba Baba lasisin ya miƙa da hannunsa. Idan tsohon ya buɗe ya tambaya wa za a saya wa, ba zan amsa ba. Zan juya in kalli Baba, a gaban yayansa, in ba shi lokacin da yake so. Na jira wata takwas, zan iya jiran minti ɗaya. In ya faɗa, cinyar barewar farko tasa ce, ni zan yi masa kilishin da kaina. In kuma ya sake duban ƙasa, zan faɗi sunana da ƙarfi yadda na bakin titi zai ji, in ɗauki bindigata, in hau jirgin ƙasa in dawo.