Kifin Katako a Gurbin Baba Agbu

Cikin shekarun da na yi a sashen kula da kifi, ranar da ta ƙi fita raina ita ce wata Alhamis a watan Maris, ranar da na ɗauki guntun katako na ce zan kama giwan ruwa da shi. Ku da kuka shigo aiki a bayana kun ji labarin da gishiri, har wasu na cewa kifin ya kai saniya. Bai kai ba. Ga yadda aka yi.

Lokacin ina mataki na tara, ni ke kula da masuntan bakin Binuwai ta wajen Lau. Ga wanda bai san aikin ba, namu shi ne mu zaga ƙauyuka, mu duba idon raga kada ya yi ƙanƙanta, mu hana zuba magani a ruwa, mu rubuta rahoto ƙarshen wata. Zuba maganin nan shi ya hana mu sakat. Idan rani ya yi, ruwa ya janye, manyan kifaye sukan taru a gurbi, wato wuri mai zurfi a cikin kogi. Giwan ruwa yaga raga yake kamar tsumma, don haka sai samari su tuttula maganin ƙwarin gona su kwashe abin da ya taso. Babba da ƙarami duk su mutu, shanu su sha ruwan, mata su ɗiba.

Wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba shi ke da gurbi mafi kyau a yankin. Ranar Litinin na sami labarin an sayo maganin, Juma'a za a zuba. Na je wurin sarkin ruwansu, Baba Agbu, wani dattijon Jukun da ya ji wa'azina har ya haddace. Ya ce doka ba ta cika tukunya. In zan hana su magani, in nuna musu abin da zai fito da kifin.

Ni kuwa ina ganin ina da abin nunawa. Shekarar da ta gabata an tura ni kwas bakin teku, na ga yadda ake sassaƙa katako kamar ƙaramin kifi, a maƙala masa ƙugiyoyi, a ɗaura a doguwar igiya, jirgi mai inji yana gudu yana ja. Babban kifi sai ya ɗauka na gaske ne, ya kai masa cafka. Da na gaya wa Baba Agbu, dariya ya yi har ya share hawaye.

"To, Ofisa, Alhamis ka zo," in ji shi. "In katako ta kama giwan ruwa kafin la'asar, ni da hannuna zan kafa ganye a gurbi. In ba ta kama ba, Juma'a ka zauna a Jalingo."

Kafa ganye al'adarsu ce. Idan sarkin ruwa ya ɗaura ganyen giginya a sanda ya kafa a bakin gurbi, ba mai zuba komai a ciki. Sun fi tsoron ganyen nan da sammacin kotu.

Na koma ofis a Jalingo na rubuta takardar neman mota da injin jirgi. Daraktarmu, Madam Rifkatu, ta karanta, ta cire tabarau, ta tambaye ni ko na taɓa kama kifi da abin nan da hannuna. Na ce na ga an kama. Ta ce gani ba ci ba ne, amma ta sa hannu. Daga nan na wuce unguwar Sintali wurin Baba Hammadu mai sassaƙa turmi da muciya. Ya fere mini kifi uku da itacen malaina, muka yanko ɓallin tsohuwar tukunyar alminiyam muka dasa a bakin kowanne don ya riƙa nitso, na shafa musu farin fenti kamar kifin kawara. Baba Hammadu ya juya ɗaya a hannunsa, ya ce tun yana saurayi yake sassaƙa abin daka abinci, sai yau ya sassaƙa abin yi wa abinci ƙarya.

Ranar Alhamis da hantsi muka isa, ƙauyen kaf yana bakin ruwa. Baba Agbu ya shigo kwalekwalen a matsayin shaida. Na ɗaura inji, na saki igiya, na murɗa wuta yadda na ga ana yi a teku. Mu hau, mu gangaro, mu hau, mu gangaro. Kifin katako sai tsalle yake a saman ruwa yana wulwulawa. Ɗaya ma ya maƙale a kututture ya tsinke. Azahar ta yi, ta wuce, ko kifin tsage bai kula mu ba. Duk zagayen da muka yi ina hango samarin nan a gindin bishiya, ɗayansu zaune a kan galan ɗin maganin, suna ɗaga mini hannu. Kunya ta rufe ni, tsoro ya fi kunyar, don na san da bakina na ba su izinin gobe.

Baba Agbu dai tun safe tsaki yake yi yana gyara zama. Can ya ce in kashe injin. Na kashe.

"Ofisa, giwan ruwa sarki ne. Ka taɓa ganin sarki tana gudu bayan abinci?"

Ya karɓi kifin katakon, ya lanƙwasa ɓallin bakin da yatsa, ya ciro dalma daga aljihu ya ɗaura kamu ɗaya a gabansa don ya sauka ƙasa. Sannan ya ɗauki filafili. Na tuna masa cewa in kifi ya kama, shi aka kayar.

"Na sani," in ji shi. "Amma ba zan zauna ana yi wa ruwana aikin banza ina kallo ba."

Tuƙinsa daban ne. Sai ya ja sau uku ya huta, ya ja sau uku ya huta, yana bin gefen duwatsu inda inuwa ta kwanta. A hannuna ina jin katakon yana rawa, ya tsaya, ya sake rawa, kamar kifin da ya ji rauni. Zagaye na farko shiru. A na biyu, daidai lokacin da ya huta, aka fizgi igiyar har ta yanke ni a tafin hannu. Na cire hulata na naɗe ta da ita. Kwalekwale ya juya da kansa ya bi kifin. Baba Agbu ya ce kada in kuskura in yi ja-in-ja da shi: in ya ja in sakar masa, in ya tsaya in tattara. Sau biyu yana tasowa sama, baki buɗe, yana girgiza kai, farin katakon nan a gefen bakinsa. Mun fi rabin awa a haka kafin ya kwanta a gefe, Baba Agbu ya zura masa babbar ƙugiya muka jawo shi ciki. Da muka tsayar da shi a gaɓa, daga ƙasa ya kai ƙirjina. Na duba agogo, uku da kwata.

Mata suka rangaɗa guɗa. Ni da ban iya rawa ba, ranar sai da na taka, jini na ɗiga daga hannuna ban ma sani ba. Baba Agbu ya yanko ganyen giginya, ya ɗaura, ya shiga ruwa har ƙugu ya kafa. Saurayin da ke zaune a kan galan shi ya fara zuwa roƙon in bar masa kifin katako na uku. Maganin kuwa gona aka kai shi. Kafin damina, Baba Hammadu ya sassaƙa kifi fiye da turmi.

A rahotona na rubuta cewa dabarar da sashe ya gabatar ta yi nasara. Madam Rifkatu ta tambaye ni wa ya riƙe filafili, ta dawo mini da takardar in gyara. Na gyara.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, masuncin da ke musu da ku ba maƙiyin ruwa ba ne, ya fi ku son sa. Ku kai masa abin da kuka koyo, amma ku san lokacin da za ku kashe inji ku miƙa masa filafili. Har yanzu duk rani ana sabunta ganyen nan, gurbin kuma yana nan da kifinsa. Baba Agbu yakan gaya wa baƙi cewa shi ya ƙirƙiro dabarar, Ofisa katako kawai ya kawo. Ban taɓa musa masa ba.