Sa Hannun da Ya Raba Ni da Rigar Lauya

A farkon shekarun tamanin ni ne saurayin da Zangon Salaga, unguwar Hausawa a arewacin Ghana, ke alfahari da shi. Ɗan mai sayar da doya ne ni, na gama sakandare da sakamako mai kyau, ina koyarwar wucin gadi a wata firamare a Yendi, ga girman kai kamar ni na fara karatun boko a duniya. Burina ɗaya ne, in zama lauya in dawo gida in zauna, domin a yankinmu duk wanda rigimar fili ko gado ta kai shi kotu sai ya nemo lauya daga Tamale ko Kumasi, mutumin da bai taɓa ganin gonar ba, bai kuma jin yaren mai ita. Na rubuto muku ne saboda abin da na daɗe ina ɓoyewa ya ishe ni.

A wata ɗaya takardu biyu suka same ni. Ɗaya daga jami'ar Accra, inda ake karanta dokar Ghana, ɗaya kuma daga Kano, inda ake haɗa shari'ar Musulunci da dokar Turawa. Na kai su wurin hedimastanmu, wani dattijon Dagomba mai yawan shan taba, ya duba ya ce mini doka ba kamar aikin likita ba ce, kowace ƙasa da tata, don haka in dai a Salaga nake son tsayawa gaban alƙali to in je Accra. Na san gaskiya ya faɗa. Amma a damanar nan ce aka sace alƙalai uku a Accra aka kashe su, labarin ya cika rediyo. Innata ta daina cin abinci. Ta rantse ba zan taka jirgin ruwan Makango mai tsallakar da mutane zuwa hanyar Accra ba tana raye, ta ce ba ta haife ni don a tsinci gawata a daji ba. Na riƙa gaya wa mutane saboda ita na fasa, alhali ni ma tsoron nake ji. Na zaɓi Kano, na ce ai garin kakana ne, daga can ya taso da fataken goro.

Sai maganar fasfo. Samunsa sai an je Accra, kuma ɗan Zango in ya je sai an tambaye shi asalin kakan kakansa. Ana haka gwamnati ta rufe iyakoki. Kawuna da ke fataucin shanu a Bawku ya yi mini dariya, ya ce shekara talatin yana shiga Togo da Nijar bai taɓa nuna wa kowa takarda ba, sai ni ɗan boko zan zauna ina jiran hatimi. Ya haɗa ni da abokan cinikinsa, muka bi ta hanyar shanu. A Kano maigidan da kawun nawa ke sauka wurinsa ya ce tunda ba fasfo ba zan yi rajista a matsayin baƙo ba, amma abin mai sauƙi ne. Ya kawo mini takardar shaidar cewa ni da mahaifina haifaffun wata unguwa ne a cikin birni, karatu kawai ya kai ni Ghana. Na sa hannu ko karantawa ta biyu ban yi ba. Ranar farko ta karatun doka ke nan, da rantsuwar ƙarya na buɗe ta.

Wata uku ban cika ba Nijeriya ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fice. Ɗaliban da suka shigo da fasfo ba abin da ya same su. Ni kuwa ba ni da takardar baƙo, ta ɗan ƙasar kuma ta ƙarya ce. Na rage magana a aji don kada a ji harshen Zango a bakina, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai in zaci ni aka zo kamawa. Wata rana da hantsi muna wucewa ta tasha da abokan karatuna, ga mutanenmu jibge da kaya suna neman mota, sai wani tela da ya saba ɗinka mini riguna a Yendi ya hango ni. Ya taho da murna yana gaishe ni da Dagbanci, yaren Dagomba, ya roƙe ni in ajiye masa kan kekensa na ɗinki don direba ya ƙi ɗauka. Na dube shi na ce da Hausa ya yi kuskuren mutum. Bai yi gardama ba, ya dai kalle ni, ya sunkuya ya ɗauki kekensa. Har yau in na ji ƙarar keken ɗinki sai in tuna da shi.

Ba wanda ya taɓa kama ni. Na gama, na dawo Salaga da digiri, aka yi mini walima har da yanka rago. Saura makarantar horar da lauyoyi ta Accra, wadda sai an bi ta kafin a sa rigar lauya. Nan ne za a nemi duk takarduna na Kano, kuma a jikinsu an rubuta ni ɗan Nijeriya ne. Na cika fom sau uku, sau uku ina yaga shi. Ina tsoron a ce na yi rantsuwar ƙarya, ina tsoron abin ya bi ni har gida a ce gidanmu baƙi ne. Kowace shekara da uzurin da nake kawowa, har na koma Yendi na sayi tafireta na zauna a gindin bishiya gaban kotu, ina buga wa mutane takardun ƙara da na rantsuwa. Suna kirana Lauya don zolaya, ina amsawa.

Babana ya yi shekaru bai ce komai ba. Da ciwo ya kwantar da shi ya sa aka kira ni, ya tambaye ni kai tsaye me ya hana ni zuwa Accra. Na faɗa masa duka. Sai ya ce lokacin da Ghana ta kori baƙi, ina ƙarami, an zo an ce ya tattara ya koma Nijeriya. Ya yi kusan wata biyu yana ɓoye a bukkar gona yana cin gasasshiyar doya, ya ƙi yarda ko da baki ya ce shi ba ɗan Salaga ba ne, don kada 'ya'yansa su tashi ba su da ƙasa. Ya ce abin da 'yan sanda suka kasa sa shi ya faɗa, ni na rubuta masa shi da biro. Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Bayan sallar layya ya rasu.

Daga baya wani lauya da na buɗe wa cikina ya ce da tun farko na zo na faɗi gaskiya da wataƙila an sami hanyar gyarawa. Lokacin ina da 'ya'ya biyar, karatun kuma ya tsere mini.

Abin da na koya shi ne tsoro ya zaɓa mini makaranta, shi kuma ya riƙe ni bayan hatsarin ya wuce. Ku matasa masu riƙe da takardu biyu, ku tambayi kanku a ina kuke son yin aikin, ku je ku karanta dokar wurin, ko da hanyar tana ba ku tsoro. Kada kuma wani mai son ku ya sauƙaƙa muku da takardar da ba za ku iya nuna wa mahaifinku ba. Ni na yi, kuma shekaruna na ƙarfi a ƙofar kotu suka ƙare, ban taɓa shiga in tsaya wa kowa ba.